Gadon Bakin Ƙofa

Sallama gare ku masu bibiyar labarina, har da ke da kika rubuto min cewa na cika jan rai, wai in fito fili in ce na amince wa mai nemana ko ban amince ba kowa ya huta. 'Yar'uwa, da a ce maganar so ce kawai da tuni na ba ki amsa. Yau a kan kujerar roba nake rubuto muku, bayana jingine da bangon asibiti, kuma har yanzu yatsuna ba su daina rawa ba. In kun ga kuskure ku tsallake shi.

Wadda ta shigo yau, bari in taƙaita mata. Ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa yake kirana. Babanmu ya rasu tun ban san kaina ba. Yayana namiji yana aiki a wani gari mai nisa, duk jinyarsa ta waya ce, saboda haka da ciwo ya kwantar da Umma ni abin ya faɗo wa. Likitoci sun ce zuciyarta ce ta gaji, ta kumbura, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa mata a ƙafafu da huhu. Matar da a da ba ta iya zama tana kallon tsinke a tsakar gida, yanzu ko juyi za ta yi a kan gado sai na sa hannu biyu.

Ɗakin matan da aka kwantar da ita dogo ne, gadaje layi biyu suna kallon juna, a ƙarƙashin kowane gado akwai tabarma da bokiti da flas na mai zaman jinya. Gadon Umma yana can ƙurya, jikin taga. In ka leƙa tagar ba abin da za ka gani sai igiyoyin shanya na masu wankin asibiti, fararen zannuwan gado rataye suna kaɗawa ko da babu iska sosai. A ɗaya ƙarshen ɗakin ƙofa take, gefenta teburin nas-nas, daura da teburin kuma akwai wani gado da ba ya daɗewa da mutum. Kullum a gyare yake, zaninsa a miƙe tsaf babu ko lanƙwasa, da koren labule a naɗe a gefensa.

Maƙwabciyar gadonmu ce ta fara faɗa min labarinsa. Hajiya Tela ake ce mata, don ɗinki ta yi duk rayuwarta, kuma ciwo bai cinye mata baki ba.

"Kin ga wancan?" ta ce, tana nuna shi da haɓa. "Tasha ce. Duk wadda kika ga an kai can, to motarta ta kusa."

"Kai, Hajiya!"

"Ina wasa da ke ne? Ki tambayi direban, ai naki ne."

Na sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a cikin jaka. Umma ta yi murmushi ta lumshe ido, wai ita barci take.

Direban da take nufi shi ne mutumin naku. Nas ne, shi yake riƙe da ɗakin da rana, kuma shi yake cewa wace za ta kwanta a ina. Dogo ne, marar hayaniya, takalminsa na roba ba ya ƙara ko kaɗan, sai dai ka juyo ka gan shi tsaye a kanka. Matan ɗakin Mai Rakiya suke kiransa a bayan idonsa, saboda duk wadda za a mayar gadon bakin ƙofa shi yake kai ta da hannunsa, ba ya bar wa kowa. Akwai gadon turawa da yake ɗauko wa aikin, tayarsa ɗaya tana kuka ƙiii, ƙiii. Da an ji wannan kukan daga baranda, cokula suke tsayawa a cikin kofuna.

Ni kuwa ba haka na san shi ba. Na san shi da saƙonnin da ba su san yadda ake soyayya ba. Wata za ta buɗe waya ta ga an ce mata hasken rayuwa, ni sai in ga: "Ki ɗaga mata ƙafa a kan filo. Ke ma kin ci wani abu?" Ranar da ya yi ƙoƙari ƙwarai ya rubuto: "Mayafin yau ya yi miki kyau. Kada ki ba ta ruwa da yawa." Na karanta wannan saƙon har na haddace shi, kuma ba na jin kunyar faɗa muku.

Hajiya Tela ta riga kowa ganowa. Wata rana ta yafito ni, ta ce in tsaya a gefen gadonta in miƙe hannu. Ta buɗe tafinta ta shiga auna ni da taƙi, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, daga wuya zuwa ƙugu, tana motsa leɓe.

"Ni ba na neman tef," ta ce. "Hannuna ne tef. Rigar bikinki ni zan ɗinka, ki ce masa ya daina jan ƙafa."

Ba a daɗe ba numfashinta ya fara sarƙewa. Da tsakar rana ne, an yi sallar azahar, zafi ya kwantar da kowa, sai muka ji ƙiii, ƙiii daga baranda. Ya shigo yana tura gadon a hankali, yana wuce gadaje ɗaya bayan ɗaya, kowace mai jinya tana sauke ajiyar zuciya in ya wuce nata. Da ya doso ƙuryarmu na kama ƙarfen gadon Umma ban sani ba. A gadon Hajiya Tela ya tsaya.

"Hajiya," ya ce da muryar nan tasa mai sanyi, "za mu matsa kusa da ni kaɗan, in riƙa ganinki."

Ta dube shi, ta dubi gadon turawar, ta juyo wajen Umma.

"To, maƙwabciya. Na yi gaba."

Kashegari kafin la'asar aka ja koren labulen. Kafin magariba gadon ya koma yadda yake, a gyare, fari fat.

Ranar na tare shi a baranda na ce masa ina tsoron gadon nan, kuma na fara tsoronsa shi ma.

"Gado ba ya kashe kowa, Auta," ya ce. "A duk ɗakin nan wurin ne kaɗai iskar numfashi take fitowa daga bango ba ta yankewa. Kuma daga teburinmu muna ganin ƙirjin mutum yana hawa yana sauka. Wanda ya fi jin jiki muke kaiwa don mu kula da shi. Waɗanda suka tashi daga kansa suka koma gida ba wanda yake tunawa da su."

"Ka taɓa ganin wadda ta tashi?"

Ya kawar da idonsa daga kaina.

"Akwai," ya ce.

Bayan nan na je gida wankin kayan Umma. Gidanmu ya koma wani iri tun da ta bar shi. Ɗakinta yana warin rufi, dardumar sallarta a ninke a bakin gado yadda ta bar ta, gilashinta na karatu a kan rediyo, silifas ɗinta na tsakar gida a bakin ƙofa suna fuskantar ciki. Ban iya daɗewa a ciki ba, na kwaso abin da zan kwasa na ja ƙofar. A falo na tarar da Goggo, ƙanwar babanmu, ta sha leshi ruwan goro da ɗaurin da ya kusa taɓo fanka, jakarta a kan cinya ta rungume ta kamar a gidan akwai ɓarayi. Wayarta tana kan hannun kujera, Yaya yana kan layi, ta sa muryarsa a fili. Tun daga nan na san an shirya min zama.

"Zauna, uwar iya," ta ce. "Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki jajibo mana sai mai tura mutane lahira?"

"Goggo, nas ne fa. Aikinsa ne."

"Na ji sunan da ake kiransa. A bakin famfon asibiti na ji, ba a mafarki ba. Hannun da ya saba rufe wa mutane ido shi za ki miƙa wa kwanon abinci?"

Daga cikin waya Yaya ya ce, "Auta, ki riƙa jin maganar manya. Ni ina cikin aiki yanzu, amma duk abin da Goggo ta yanke ina bayansa."

A raina na ce, kai kullum a baya kake, yaushe za ka zo gaba?

Goggo ta gyara zama, ta sassauta murya, kuma a nan ne ta fi haɗari.

"Ni ba na hana alheri. In da gaske yake sonki, ya yi miki alkawari uwarki ba za ta hau gadon nan ba. Ai shi ke raba gadaje, ko ba haka ba? In ya yi, na sa albarka, ya turo manyansa. In ya ƙi, kin san matsayinki a wurinsa."

Zan so in ce muku Goggo ce ta tilasta ni. Ba haka ba ne. Maganarta ta faɗa daidai inda tsorona yake, na karɓe ta hannu bibbiyu. Tun ranar da aka ja wa Hajiya Tela labule, duk sanda na rufe ido Umma nake gani a kan farin zanin nan.

Na yi wanka, na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, na yafa mayafin da ya ce ya yi min kyau, na zizara kwalli. Na san abin da nake yi sarai. Na tura masa saƙo: "Ina son ganinka in ka sami sarari." Ya amsa: "Matattakalar bayan ɗakin magani." Wuri ne da ba a cika bi ba, an jibge karyayyun kekunan marasa lafiya a ƙarƙashinsa, ƙafafunsu a sama.

Ya zo da farar rigarsa, biro a aljihu, ya tsaya nesa kaɗan kamar kullum. Na faɗa masa abin da Goggo ta ce, ban rage komai ba.

"Auta, ki roƙe ni wani abu daban."

"Shi nake so."

"Ba ki san abin da kike roƙo ba."

"Na sani. Ina roƙon kada ka zama kai ne za ka tura uwata." Muryata ta karye, hawaye suka wanke kwallin da na ɓata lokaci a kansa. "In ka tura ta, ko ka aure ni, duk sanda ka shigo ɗaki kukan tayar nan zan riƙa ji. Ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ciro biron daga aljihu, ya mayar.

"Na yi miki alkawari," ya ce. "Hannuna ba zai kai Umma gadon nan ba."

Na koma ɗaki ina jin kamar na ceto ta. Goggo kuwa, da ta biyo ni asibitin, har guɗa ta so yi, kuma bakinta bai iya riƙe labarin ba. Kafin yamma duk masu zaman jinya sun ji cewa Auta ta ɗaure Mai Rakiya. Wasu suna min kallon sha'awa, wasu suna min wani kallo da ban gane ba a lokacin. Umma ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya fuskarta wajen taga.

Daga nan jikinta ya fara yin ƙasa. Kumburin ya haura gwiwa, ƙafafun suka yi sheƙi, in na danna da yatsa sai ramin ya tsaya bai cike ba. Kwanciya ta gagare ta, sai a jingine da filo, kuma in tana numfashi kana jin wani ƙur-ƙur a ƙirjinta kamar ana zuƙar ragowar lemo da tsinke. Tsayuwa kam an manta da ita. Ko zama za ta yi a bakin gado sai ni da Goggo mun tallabe ta.

Shi kuma ya riƙe alkawarinsa da ƙarfin tsiya. Ya riƙa gangaro tukunyar iska mai nauyi tun daga ƙofa har ƙuryarmu, in ta ƙare ya fita neman wata, wani lokaci ya samu da wuri, wani lokaci Umma ta yi ta haki muna jira. Tun da ba ya hango ta daga tebur, sai ya riƙa zarya, ya zo ya duba ta ya koma, ya zo ya koma, har ranar hutunsa sai ga shi da kayan gida ya zauna a baranda. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Saƙonninsa suka gajarce: "Yaya numfashin?" "Leɓenta ya canza launi?" Ba maganar mayafi kuma.

A cikin kwanakin ne Umma ta fara maganar da ta hana ni sukuni. Ba a kawo kowa gadon Hajiya Tela ba tukuna, katifarsa a tsirara take. Ina goge wa Umma fuska da tsumma mai ɗumi da rana tsaka, sai ta ce, "Matsa mata mana, kin tare hanya."

Na waiga. Babu kowa.

"Wa, Umma?"

"Maƙwabciya. Kullum war haka take leƙowa."

Tsikar jikina ta tashi har tsakiyar kaina. Na tura masa saƙo, ya zo ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce in iska ba ta isa ƙwaƙwalwa sosai mutum yakan ga abin da babu, kada in tsorata. Na yarda da shi, don ina son in yarda. Amma kashegari a daidai wannan lokacin, ina zaune a kan tabarma ina ninke kaya, sai na ga Umma ta miƙe hannunta na dama a hankali ta riƙe shi a iska, kamar yadda mutum yake yi in ana gwada masa riga. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke shi ta miƙe na hagu.

"Umma, me kike yi?"

"Auna ni take," ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba. "Ta ce in daina motsi."

Ban san lokacin da na tashi na rungume ta ba, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Jikinta da sanyi, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Goggo da ta dawo daga alwala ta ji abin da ya faru, ta zauna daɓas a kan tabarma, ranar ko ɗaurinta ba ta gyara ba.

Yau da safe Sista Babba, shugabar nas-nas ɗin ɗakin, ta shigo zagaye. Mace ce mai jiki da gilashi a kan hanci, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana. Ta tsaya a kan Umma, ta kama yatsunta ta duba faratan, ta dubi tukunyar iskar da allurarta ta kusa kwantawa, sannan ta juya ta dube shi, yana tsaye a bayanta.

"Me wannan baiwar Allah take yi a ƙurya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka same ni a ofis," ta ce.

Bayan azahar saƙonsa ya shigo: "Matattakala. Don Allah yanzu." Na dubi Umma, idonta a rufe, robar iska a hancinta, ruwan allura yana ɗiga a hankali daga ƙarfen da ke gefenta. Na ce wa Goggo ta sa mata ido, yanzu zan dawo. Ɗakin ya yi tsit irin na tsakar rana, marasa lafiya da masu jinya duk zafi ya kwantar da su, ba abin da ke motsi sai fanka. Na wuce gadon bakin ƙofa ban kalle shi ba.

Na same shi zaune a kan matattakala, abin da ban taɓa gani ba, kansa a tsakanin gwiwoyinsa. Wannan karon ba kwalli ba turare, rigar da na kwana da ita ce a jikina.

"Auta, na zo ki sake ni."

"In sake ka?" na ce.

"Na yi miki alkawari a kan abin da ba nawa ba," ya ce. "Numfashin Umma ba nawa ba ne, ba naki ba ne, balle na Goggo. Tukunyar da ke jikinta ita ce ta ƙarshe da zan iya samu yau. In ta ƙare a ƙuryar nan, kafin in gangaro wata..." Ya haɗiye sauran. "Sista ta ce in ban mayar da ita gadon bakin ƙofa ba kafin la'asar, za ta sa wani ya yi. Na roƙe ta ta bar ni in fara zuwa wurinki. Ba na son a tura ta kamar kaya, ina son in kai ta da kaina. Amma ba zan taɓa gadon ba sai kin ce."

"In an kai ta za ta tashi?"

"Ban sani ba."

"Ka ce min za ta tashi mana!"

"Na riga na yi miki ƙarya ɗaya don ina sonki. Ba zan ƙara ba."

Na so in tsane shi a lokacin, na kasa. Na buɗe baki in ce je ka, kalmar ta ƙi fitowa. Ta yaya 'ya za ta ce da bakinta a kai uwarta tasha? Kuma ta yaya za ta ce a bar ta a ƙurya tana haki? Na tsaya ina kallon karyayyun kekunan nan, ina kuka marar sauti, shi kuma bai matsa min ba. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba.

"Bari in je in ga fuskarta," na ce daga ƙarshe. "In na gan ta zan iya faɗa."

Muka taho tare, yana bayana. Na shiga ɗakin kaina a ƙasa, na bi tsakanin gadaje da sauri har ƙurya. Goggo tana kan tabarma, ta jingina da bango, baki buɗe, barci ya sace ta da carbi a hannu. Na ɗaga ido.

Gadon Umma babu kowa.

Filon yana nan da ramin kanta. Robar iska tana kan katifa tana huci ita kaɗai. Ƙarfen ruwan allura babu shi, kuma silifas ɗin da na ajiye mata a ƙarƙashin gado tun ranar da muka zo, waɗanda ba ta taɓa sakawa ba, su ma babu su.

Na girgiza Goggo, ta farka a firgice tana salati. Na juya zan kwala ihu, sai na ga shi bai biyo ni ƙuryar ba. Yana tsaye can bakin ƙofa kamar an dasa shi, yana kallon gefensa.

Ban san yadda na isa wurin ba. Umma tana kwance a kan gadon bakin ƙofa, a jingine, ta ja farin zanin har ƙirji, ta gyara ɗankwalinta. Ƙarfen ruwan yana tsaye a gefenta, allurar tana hannunta ba ta goce ba, ruwan yana ɗiga abinsa. Silifas ɗin suna ƙasa a jere, kai da kai. Idonta biyu, tana haki, amma fuskarta a sake take fiye da yadda na gan ta tun da muka zo.

Nas ɗin da aka bari a tebur ta fito daga ɗakin magani da tire a hannu, ta tsaya turus. Ta rantse yanzu ta shiga, kuma da ta shiga gadon babu kowa. Gadon turawa yana baranda inda yake, ba wanda ya ji kukansa. A duk ɗakin mutum ɗaya ce idonta biyu, wata tsohuwa a gadon da ke kallon namu. Na dube ta, ta dube ni, sai ta ja mayafi ta rufe kanta ta juya wa bango fuska.

Shi ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya jawo robar da ke jikin bango, ya murɗa, iska ta taho da ƙarfi, ya saƙala wa Umma a hanci. Ya ɗaga zanin ya dubi ƙafafunta, kumburarrun ƙafafun da ba sa ɗaukarta ko zuwa bakin gado, ya mayar ya rufe.

Umma ta ja iska, ta ja, har ƙirjinta ya ɗan lafa. Sannan ta dube shi.

"Ɗan nan, ba ka karya ba." Ta juyo da idonta kaina. "Ke ma ba ki faɗa ba. Na hutar da ku duka."

Na durƙusa a gefen gadon na kama hannunta.

"Umma, wa ya kawo ki? Wa ya riƙe miki ƙarfen?"

"Ke dai da tambaya," ta ce.

Idonta ya wuce ni, ya tsaya a wani wuri bayan kafaɗata, ta ɗan gyaɗa kai irin na sallamar wanda ya raka ka. Ban waiga ba. Wallahi ban iya waigawa ba. Goggo tana tsaye a ƙarshen gado, ɗaurinta ya zame, tana kuka tana cewa a yafe mata, ba wanda ya kula ta.

Umma ta matse yatsuna da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ina wayarki?"

"Ga ta, Umma."

"Kira min yayanki," ta ce. "Ki ce masa ina nemansa. In ya ce miki aiki, ki ce masa ban ce gobe ba."